Gaba Tara Daga Marmara

Ni na goge maganar Malam Rabo. Da yatsa ɗaya na yi, ranar wata Juma'a a watan Afrilu na 1988, ana irin zafin nan na Dutsin-Ma da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Ba wanda ya riƙe mini hannu, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba, ko da yake na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa.

Sunana Kezia, daga kudancin Kaduna nake. Aikin buga tafireta ne ya kawo ni ofishin wani shirin gina rijiyoyi a ƙauyuka, na yi shekara shida ina buga wasiƙun da ba mai karantawa. A 1986 wani Bature injiniya ya zo mana da kwamfuta. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata labule, har da na'urar sanyaya ɗaki. Mu da muka shekara shida muna tsiyayar gumi a ofishin nan ba wanda ya taɓa tunanin ko fanka. Da yake ni ce mai saurin yatsu, ni aka ɗora a kanta, na samu na raɓa na sha sanyin albarkacinta.

Abu na farko da Baturen ya koya mini shi ne injin nan ba abin yarda ba ne, yau yana riƙe da abu, gobe ya ce bai san zancen ba. Saboda haka duk Juma'a sai in kwafe abin da ke cikinsa in zuba a faifai, wani baƙin abu siriri mai kusurwa huɗu da ake zura wa kwamfutar ta gaba. Faifai uku ne na wannan aikin, ana juya su: duk mako wanda ya fi daɗewa shi ake gogewa a zuba sabo. Akwai kuma na huɗu mai shuɗiyar takarda a goshi, wanda ya ce kada in kuskura in taɓa. A cikinsa maganar Malam Rabo take.

Malam Rabo maginin rijiya ne daga wajen Tamawa, ta ƙasar Kurfi. Dogo ne, busasshe, ya haura saba'in, kuma shekara hamsin da wani abu ya yi yana shiga cikin ƙasa yana fitowa. Daga Wurma har Makera da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai san cikinta ba. Baturen ya ce abin da ke kan tsohon nan ya fi duk taswirar da ke ofis, ya aika mota ta ɗauko shi. Mako uku yana zuwa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa kusa da ƙafata, ya lulluɓa da mayafi don sanyin ɗakin, yana faɗa ina bugawa.

"Wurma, rijiyar bakin tsamiya," in ji shi. "Gaba bakwai daga marmara. Saman gaba biyu. Ruwan da daɗi, amma in bazara ta yi nisa yana ja da baya. Kin rubuta, ɗiyata?"

"Na rubuta, Baba."

"To madalla. Makera, rijiyar gidan Inna Hasana. Gaba goma daga marmara..."

Haka muka yi rijiya ɗari biyu da arba'in. Gaba ita ce ma'auninsu, wato tsawon hannu biyu in mutum ya ware su. Lambar nakan sa ta a gidanta, sauran bayanin kuma in zuba shi a wani dogon layi na gefe da Baturen ya buɗe, ya ce ko tari tsohon ya yi in rubuta. Gaskiya ban saurari ma'anar abin da nake bugawa ba. Mai tafireta kunnenta a yatsunta yake. Wannan "daga marmara" da yake ta maimaitawa na ɗauka irin sarar bakin tsofaffi ce, kamar yadda wani ba ya iya jimla biyu bai ce "ka gane" ba.

Kullum in zai tashi sai ya leƙa gilashin kwamfutar, ya dubi koren rubutun da bai iya karantawa ba, ya ce, "To, yanzu ko na mutu tana nan ke nan." Ni kuma in ce, "Tana nan, Baba."

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Baturen ya tattara ya tafi, aka kawo mana Injiniya Lawal. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Matashi ne mai son aiki ya fita fes, mai jin haushin duk abin da ba lamba ba. Watansa biyu kwamfutar ta fara kukan cikinta ya cika. Ya zauna ya duba jerin rijiyoyin, ya ga dogon layin nan na gefe, ya karanta inda Malam Rabo ke cewa a wata rijiya ya taɓa tarar da kumurci, ya yi tsaki.

"Malama Kezia, wannan ai hira ce. Bar suna, bar gari, bar zurfi. Zurfin ma a mayar da shi mita, mu ba da hannun wani tsoho za mu yi awo ba."

Na cire layin da murnata, don jerin da ke cin shafi arba'in ya dawo tara. Tsohon bugun mai shafi arba'in kuwa ni da hannuna na ba mai ƙosan bakin ƙofa, ta yi wata guda tana naɗe mana ƙosai da rijiyoyin ƙasar Kurfi. Faifan nan uku suka ci gaba da juyawa, cikin mako uku duk suka manta da tsohon layin. Ya zama cikakkiyar maganar Malam Rabo ba ta ko'ina a duniya sai cikin shuɗin faifai, a aljihun teburina, naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Sai wannan Juma'ar. Hedikwata a Katsina ta ce ranar Litinin tana son rahoton dukan ayyuka, kuma a faifai take so, don su ma sun sami kwamfuta suna ɗokinta. Sau uku na buga rahoton nan a makon. Na farko wuta ta ɗauke ya tafi. Na biyu Injiniya ya canza tsari. Na uku na gama shi wajen ƙarfe biyu, bayana kamar an daka, ɗana na gida da zazzaɓi na bar shi hannun maƙwabciya. Na buɗe kwalin sababbin faifai na tarar ba ko ɗaya. Faifai kuwa a lokacin sai Kano.

"Nemo ko ina ne," in ji Injiniya, yana gyara hula zai tafi masallaci. "In dawo in tarar da shi a kan teburina."

Faifai ukun nan na Juma'a ba na taɓa su, wannan ya zama mini kamar ibada. Na jawo aljihun tebur, na kwance ɗankwalin. Na ce a raina, shekara biyu ba wanda ya tambayi abin nan, Baturen da ya damu da shi yana can ƙasarsu yana shan shayi, lambobin kuma ai suna cikin injin. Na zura shi. Kwamfutar ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, ta ce duk abin da ke ciki zai tafi. Ita ma ta fi ni hankali a ranar. Na danna e, ta yi ɗan gurnaninta na minti ɗaya, ta ce ta gama. Na zuba rahoton, na ajiye masa, na ɗauki jakata na tafi wajen ɗana. Ko a jikina.

Ranar Talata da hantsi aka ce wata mata na sallama da ni. Na fito na tarar da ita a gindin dalbejiya, mace mai kamar shekara arba'in, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Ta ce sunanta Tani, ɗiyar Malam Rabo ce. Muka gaisa, na kawo mata ruwa, ta shanye kofi biyu kafin ta yi magana.

Ashe shirinmu ya ba da aikin sabuwar rijiya a unguwarsu, daf da wata tsohuwar rijiya da babanta ya gina tun yana saurayi, wadda ta rufta shekarun baya. Takardarmu ta ce ruwa na mita sha shida. Ma'aikatan ɗan kwangila suka gina sha shida, suka ƙara ɗaya don Allah, ba ko danshi. Suka kwashe kayansu suka tafi, suka bar wa mutane rami. Kuma kafin su tafi sun gaya wa kowa cewa ba laifinsu ba ne, lambar Malam Rabo ce, shi ya ba gwamnati.

"Malama, yanzu Baba bai iya zama ƙofar masallaci," in ji Tani. "Mata na tafiya tun asuba har rafi suna tonon yashi, in sun dawo ta ƙofar gidanmu sai sun yi habaici. An ce ya je birni ya sha sanyi ya yi ma Bature ƙarya. Wanga mutum da ya shayar da ƙasar nan duka."

Na ce, "To ko mantuwa ya yi? Kin san girma."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Mantuwar mi? Gaba tara ya ce, kuma gaba tara ne. Amma Baba bai ƙirga ƙasar sama. Shi daga inda ya fasa marmara yake fara ƙirga, don ya ce na sama ba gini ba ne, share fage ne, kowa ma ya iya. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san haka. Ya ce ya faɗa maki, ya ce har kaurin saman ya faɗa, gaba uku da rabi. Ya ce in zo ki buɗe injin ki nuna masu."

Marmara ita ce jan dutsen nan mai tauri da ake tararwa in an wuce ƙasar sama. Ina tsaye a gindin dalbejiyar na ji muryar tsohon a kunnena, sau ɗari biyu da arba'in, daga marmara, daga marmara. Na ce mata ta jira ni.

Na san ba komai, amma sai da na duba. Na zura faifan Juma'a ɗaya bayan ɗaya, kowanne suna, gari, mita. Na je har wajen mai ƙosai, ta yi dariya ta ce wace takarda, ta bara? Daga nan na shiga ofishin Injiniya. Shuɗin faifan na kan teburinsa, ya dawo da shi daga Katsina, ya ɗora kofin shayi kusa da shi. Na kwashe duka na gaya masa.

Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam ba zan hana shi ba. Sannan ya ce, "Malama Kezia, ke kin tuna ya ce gaba uku da rabi a wannan rijiyar?"

"Na tuna yana cewa daga marmara, ranka ya daɗe. Lambar ce ban riƙe ba."

"To kin gani. Duk tsohon da ya ba da lamba aka gina ba ruwa, cewa zai yi ba haka ya ce ba. Ba na ce ƙarya yake ba. Amma ni Katsina zan je in nemi izinin ƙarin gini, su kuma za su ce ina shaida. Kawo mini inda ya faɗa tun kafin a gina. Ko layi ɗaya ne, yau ɗin nan zan sa hannu."

Na nuna faifan da ke gabansa na ce, "A nan yake."

"To buɗe mana."

"Shi na goge na zuba maka rahoto."

Ya dubi faifan, ya dube ni, ya janye kofin shayin daga kusa da shi, kamar yanzu ne zai lalace. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na fi jin daɗi.

Ban iya gaya wa Tani a tsaye ba. Na ce ta koma, ni da kaina zan zo. Ranar Asabar na hau mota zuwa Kurfi, daga can na sami wata akori-kura mai ɗaukar buhuna ta sauke ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa. Tun kafin in kai gidan na ga ramin. An jera ƙaya a bakinsa don awaki, tulin jar ƙasa a gefe, zobban siminti biyu da suka rage a yashe.

Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ya rame fiye da yadda na san shi. Da ya ji muryata fuskarsa ta washe, ya ce a kawo wa ɗiyarsa ta birni tabarma, ya tambayi mai gidana, ya tambayi yara, ya tambayi injin ma ko yana lafiya. Sannan ya ce, "Kin taho da takardar?"

Na ce, "Baba, babu takarda."

"To injin ya ƙi faɗi?"

"Ba ya ciki, Baba."

Ya ajiye igiyar. "A'a, ɗiyata. Ai kin rubuta. Da idona na ga kina rubutawa. Ke kika ce mani tana nan."

"Na rubuta, Baba. Ni kuma na goge. Ranar Juma'ar da ta wuce waccan. Ana neman wurin sa wani abu, na gaji, na goge."

Tun a mota nake shirya yadda zan yi bayanin faifai da Kano da Katsina, amma da na zo gabansa duk sai na ji kunyar su. Tani na tsaye a bakin ƙofa, ban yarda na dube ta ba.

Can ya ce, "Ashe shi ma ana goge shi, kamar allo." Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar mai koyon wani sabon abu. "Ni da na sani ai da na bar ta a kaina kawai, in ta faɗa ma mutane da baki." Ya ɗauki igiyar ya ci gaba da murzawa. "Sun ƙara rabin gaba, an ce. Saura uku ke nan."

"Baba, zan sake rubuta wa Katsina..."

"Rubuta, ɗiyata, Allah shi yi albarka. Tani, je ki ce ma Audi in yana da sauran ƙarfi ya zo da dagi gobe."

Audi, na ji daga baya, abokin aikinsa ne tun na ƙuruciya, shi ma ya kusa saba'in, ido ɗaya ya tafi. Tani ta ce, "Baba, kai za ka shiga? Da wanga ƙirjin?" Ya ce to wa zai shiga, samarin gari da ke cewa shi maƙaryaci ne? Na roƙe shi, ta roƙe shi. Ya sa aka kawo mini fura, ya ce in sha in kama hanya kada mota ta wuce ni.

Na rubuta wa Katsina, sau biyu. Injiniya ya sa hannu a duka biyun, har ya ƙara layi da alƙalaminsa. Ba amsa. Na ci gaba da kwafe-kwafena na Juma'a, ina adana suna, gari, mita, waɗanda yanzu na san duk ɗari biyu da arba'in ɗin gajeru ne, kuma ba wanda ya san da nawa.

Kwana goma sha tara bayan zuwana, Tani ta dawo. Wannan karon ba ta tsaya a gindin dalbejiya ba, ta shigo har ɗakin kwamfuta, ba wanda ya hana ta. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli na tsumma, ta ajiye a kan teburina. Tsumman ya jiƙe. Na buɗe, yashi ne fari, mai sanyi, yana ɗigar ruwa.

"Jiya da la'asar," in ji ta. "Gaba uku cif."

Na ce, "Alhamdu lillahi," don a bakin kowa a garin nan haka ake faɗa, ni ma ya zama nawa. "Baba fa?"

"Da igiya aka ɗaure shi aka jawo shi. Yana kwance, numfashin sama-sama. Yanzu kam samari sun shiga suna ƙarasawa, har faɗa suke wa zai sauka." Ta gyara mayafinta. "Ya ce in kawo maki wanga ki gani. Ya ce ki rubuta: Tamawa, gaba tara daga marmara, saman uku da rabi, ruwan da daɗi. Ya ce ki yi haƙuri ya sake wahalshe ki, amma wanga karon ki bar shi."

Na juya ga kwamfutar, na nemo Tamawa. Suna, gari, mita. Layin da zan sa maganar babu shi, ni na cire. Na ɗauko shuɗin faifan, na ɗauki biro, na rubuta a kan takardar goshinsa da ƙananan baƙaƙe har ta cika, Tani na tsaye tana kallon hannuna.

"Kin rubuta?" in ji ta.

"Na rubuta."

Ba ta ce madalla ba. Ta tsaya tana jira in ƙara abin da na saba ce wa babanta, wato "tana nan," ni kuwa bakina ya ƙi. Da ta ga haka ta ce mota na jiranta, ta fita. Da Alhamis ta zagayo aka aiko cewa Malam Rabo ya rasu, da ruwan rijiyar aka yi masa wanka. Yashin yana nan a kan teburina, ya bushe tun ranar da aka kawo shi, kafin a tashi aiki.